Guntun Sunan da Neville Treloar Ya Nema

A rukunin gidajenmu na Banksia Close, can Kallangur a arewacin Brisbane, mutum ɗaya ne ake kira da cikakken sunansa. Ni sunana Rhonda Kavanagh, ni ce sakatariyar ƙungiyar masu gidaje, amma in ka tsaya a ƙofar shiga kana tambayar Rhonda sai a yi ta kallonka. Kav kowa ya sani. Tsohuwa Dulcie ta gidan farko Dulce ce, Lorraine kuwa Loz. Har mai kawo wasiƙu an datse masa suna. Wanda aka bari da nasa ɗungurungum shi ne mijin Loz, shugaban ƙungiyarmu, Neville Treloar. Kuma babu abin da yake so a duniya kamar wata rana wani ya ɗago hannu daga nesa ya ce masa, "Nev."

An haife shi a Maryborough. Ubansa ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ne, irin mutanen da ke goge takalmi kafin su fita zubar da shara, ɗan kuma ya ɗauko shi sak. Neville ya yi aikinsa duka a ofishin da ke tsara lokutan jirage, har ya yi ritaya ba a taɓa jin ya makara ba. Dogo ne siriri, kullum cikin zanzaro, da gajeren wando mai kari, da doguwar safa har gwiwa, da malafa mai faɗi. Da 'ya'yansu suka watse, shi da Loz suka sayar da babban gidansu suka dawo cikinmu.

Ranar Juma'ar farko bayan tarewarsu aka yi abin da ya ɗaure shi. Mun taru a rumfar gashi da yamma kamar yadda muka saba, albasa tana soyuwa, kowa da burodinsa a hannu yana jiran nama. Wani mai gyaran famfo da ke zaune da mu a lokacin, ya daɗe da tashi yanzu, ya zaro gwangwanin giya daga cikin ƙanƙara ya miƙa masa.

"Ungo, Nev. Sannu da zuwa."

Neville ya karɓa, ya yi murmushi, ya ce, "Neville ne, in ba damuwa."

Ba da wata manufa ya faɗa ba. Haka ya saba gyara wa sabbin ma'aikata a ofis, bakin ne kawai ya riga shi. Amma kowa a rumfar ya juyo ya dube shi. Mai famfo ya ce, "To, Neville," yana jan sunan kamar mai karanta sammaci. Shi ke nan. Suna linzami ne, shi kuwa da hannunsa ya sa wa kansa.

Shekara ba ta zagayo ba muka zaɓe shi shugaba, don ba mai son kujerar, shi kuma ya iya. Tun daga nan komai na rukunin ya koma wuyansa. Shi ke kiran masu duba gara. Shi ke bin rufin kowa da ido kafin hadarin Nuwamba, ya sa a kwashe ganyen da ya toshe indararo. In karen wani ya hana wani barci, ƙofarsa ake bugawa. In baƙo ya ajiye mota inda bai kamata ba, shi ke fita cikin rana ya nemo mai ita. Shekarar da ruwa ya shigo mana ta ƙofar baya, shi ya yi ta jido buhunan yashi a kafaɗa yana jerawa a bakin ƙofar Dulce, har bayansa ya riƙe, ya yi makonni yana tafiya a karkace.

Ana gode masa, ba a taɓa fasawa ba. Sai dai irin godiyar da ake yi wa likitan haƙori ce. In ya doso rumfa ranar Juma'a, sai ka ga mutane suna gyara zama, mai ba da labarin batsa ya haɗiye ƙarshensa, a koma zancen magudanar ruwa. Ba wanda ya taɓa zaginsa da wasa. A wurinmu kuwa wanda ba a zolaya, ba a ɗauke shi ɗan gida ba.

Na gane abin yana cinsa wata rana yana tsaye a kaina ina buga sanarwar rufe tafkin iyo. Da na zo ƙarshe sai ya yi gyaran murya.

"A ƙasa ki sa Nev Treloar, Shugaba."

Na ɗago na dube shi. Kunnuwansa suka yi ja.

"A'a, bar shi yadda aka saba," in ji shi. "Mutum ba ya raɗa wa kansa suna."

Haka muke zaune har Murray Tuckwell ya sayi gidan da ke kallon tafki. Tsohon direban bas ne daga Rockhampton, gajere mai tumbi, daga shi sai singileti da silifa. Ba a gama sauke kayansa daga mota ba ya zama Muzza. Ban ma san wanda ya fara ba. Kafin mako ya ƙare yana kiran Dulce budurwarsa, yana ce wa Loz ta rabu da dogon nan ta zo su gudu, yana ce mini in riƙa dariya ko sau ɗaya a wata don kada fuskata ta yi tsatsa. Kowa zaginsa yake yi, shi ma yana ramawa, ana ta nishaɗi.

Doka kuwa bai san da ita ba. Ya ajiye kwalekwalensa a wurin motocin baƙi. Ya riƙa shanya tawul a kan shingen tafki. Neville ya rubuta masa takarda, na buga, aka saka masa a akwati. Washegari sai ga Muzza yana kaɗa ta a sama.

"Yallaɓai shugaba! Na ga wasiƙar soyayya. Rabona da samun irinta tun matata ta biyu."

"Dokar rukuni ce, Murray."

"Na sani, ranka ya daɗe. Gobe-goben nan zan janye shi."

Bai janye ba. Amma ba kwalekwalen ne ya tsaya wa Neville a rai ba. Ƙofar tafki ta daɗe tana ciza, Neville ya yi wata da watanni yana fama da kamfanin da ya kafa ta, yana waya, yana aika hotuna, har sun sa ranar zuwa. Ana saura kwana kaɗan Muzza ya wuce da guduma ya maka mata sau ɗaya, ta saki. Ranar Juma'a aka ɗaga masa gwangwani, aka yi ta ba da labarin gudumar kamar ya kashe zaki.

Neville ya biyo ni har mota da safe zan tafi aiki.

"Kav, ki gaya mini gaskiya. Me mutumin nan ya yi musu?"

"Dariya yake ba su."

"Dariya." Ya maimaita kalmar kamar sunan wata cuta. "Ya lanƙwasa sakatar, kin sani? Yanzu kamfanin zai ce mu muka ɓata."

Daga nan ya fara tsayuwa a bayan labulen falonsu. Loz ta ce mini ba ya ko kallon labarai, sai dai ya yi ta leƙen wanda ya tsaya a ƙofar Muzza, da wanda ya kai masa kek, da tsawon lokacin da suka ɗauka suna ƙyaƙyatawa. In ta ce ya fita ya same su, sai ya ce yana da takardun inshora da zai karanta.

A watan Agusta talotalon daji ya sauka mana. Namiji ne, baƙi wuluk, da jan kai, da fata rawaya tana reto a wuyansa kamar wanda ya ɗaura abin wuya zai tafi ofis. Ya zaɓi inuwar bayan tafki ya fara tara tulin da mata za su zo su binne ƙwai a ciki, kuma da ɓawon itacen da Neville ya sa aka kawo aka baza a gindin shuke-shuke yake ginin. Kullum da sassafe sai ya zagaya rukunin gida-gida, yana tafe yana ɗaga ƙafa a hankali, ya tsaya a kowace ƙofa ya karkata kai ya leƙa, sannan ya juya baya ya fara watso ƙasa da ƙafa. In wani tsuntsu ya matso, ya bi shi da gudu har bakin titi.

Muna rumfa, Neville ya tafi Maryborough jana'izar wani ɗan uwansa, tsuntsun ya zo ya tsaya yana ƙare wa tawul ɗin Muzza kallo.

"Ku dube shi don Allah," in ji Muzza. "Yanzu zai koma ya rubuto mini takarda. Sannu da aiki, Nev!"

Mutane suka kwashe da dariya har da masu riƙe ciki. Loz ma ta yi, tana rufe baki da hannu. Kafin Neville ya dawo sunan ya zauna daram. Ba wanda ya gaya masa, don ba wanda ya san ta inda zai fara.

Ranar wata Lahadi da rana sai ga shi a ƙofata da lemun tsami cike da malafarsa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar an kunna fitila a ciki.

"Kav, kin san abin da suke kirana a bayan idona?"

Na ce, "Me?"

Ya ce yana durƙushe a bayan shinge yana wanke matatar tafki, sai ya ji Muzza yana hira da Dulce a bakin ƙofarta. Muzza ya ce, Nev ya fito tun asuba, yana can bayan tafki yana ta fama. Dulce ta ce, ai bawan Allahn nan ba ya gajiya, shi kaɗai yake komai ba mai taya shi. Muzza ya ce, sai dai shegen iyayi, kamar shi ya haifi rukunin. Dulce ta ce, bar shi da iyayinsa, ni dai ina ƙaunarsa.

"Shegen iyayi, Kav!" Ya faɗa yana washe baki. "Haka ya ce. Ashe mutumin nan ba shi da laifi."

Na buɗe baki, amma ya riga ya juye mini lemun a hannu ya juya, yana tafe yana fito.

Makon nan Neville ya zama wani mutum. Ya bar zanzaro. Ya wuce kwalekwalen Muzza bai ko dube shi ba, har ya ɗan bubbuga gefensa kamar mai shafa doki. Loz ta ce ta yi niyyar faɗa masa sau da yawa, sai ta ga yana waƙa a wurin wanke-wanke, ta kasa. Ranar Juma'a ya fito da katan ɗin giya a kafaɗa, ba safa, ƙafafunsa farare fat kamar rogon da aka fere. Yana dosowa rumfa Muzza ya miƙe ya ɗaga gwangwani.

"Jama'a, ga Nev nan tafe!"

Neville ya ɗaga hannu sama. "Ga ni, mutanena!"

Ba wanda yake kallonsa. Idon kowa yana bayansa, inda talotalon yake takowa a kan shingen tafki. Neville ya waiwaya, ya ga tsuntsun, ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Hannunsa yana sama bai sauke ba.

"Af," in ji Muzza a hankali. "Mutumina, ai tsuntsun ne. Wasa ne kawai."

"Na gane," in ji Neville. Ya ajiye katan ɗin a kan tebur, ya daidaita shi da gefen teburin. "Ku sha. Ina da takardu."

Washegari ya fito cikin zanzaro da safa, da manjagara a hannu.

Da an tambaye ni da na ce Muzza zai sa a gaba. Ina! Muzza ya zama ƙaramin alhaki. Tsuntsun ne ya samu abin da Neville ya yi shekaru yana jira, kuma a banza ya same shi, bai taɓa halartar taro ko ɗaya ba. Neville ya baje tulin da manjagara ya mayar da ɓawon gindin shuke-shuke. Kafin rana ta yi tsaka washegari tulin ya dawo, har ya fi na da. Ya jingina babban madubi a jikin bishiya, don an ce in talotalo ya ga wani namiji yakan bar wurin. Tsuntsun ya yini yana faɗa da inuwarsa, mutane suka jeru suna kallo suna ba shi ƙwarin gwiwa. Ya shimfiɗa ragar waya, tsuntsun ya koma kwasar ƙasar lambun Loz.

Zauren hirarmu na waya, wanda Neville ya buɗe don sanarwar ɗauke ruwa da ranar fitar da shara, ya cika da hotuna. Nev a kan kwalekwale. Nev yana korar kyanwa. Nev da budurwarsa. Kowane hoto mutane na ta zuba masa alamar zuciya. Neville yana karantawa duka, don ina ganin alamar ya gani, amma bai taɓa cewa uffan ba.

Na je gidansu kai masa takardun taron shekara, na tarar da shi a bakin taga da waya a hannu.

"Kin ga wannan?" Ya nuna mini. "Wai Nev gwarzon ma'aikaci. Tun yaushe nake kwashe musu ganye a kan rufi? Wa ya taɓa ɗaukar hotona?"

Loz ta leƙo daga kicin. "Neville, kishi kake yi da tsuntsu?"

"Ba kishi ba ne. Kadarar ƙungiya yake ɓatawa."

"Jiya cikin barci na ji kana ce masa ɓarawo."

"Ai ɓarawon ne. Ɓawon nan na kowa da kowa ne."

"Ɓawo, ko?" in ji Loz, ta koma ciki.

Ya miƙo mini wata takarda ya ce in ƙara a jerin abin da za a tattauna. Ƙudiri ne cewa ƙungiya ta kira mai lasisin kama dabbobi, ya kama talotalon da ke bayan tafki ya kai shi daji mai nisa. Ko'ina a takardar "tsuntsun" ya rubuta. Na ce masa mutane ba za su so ba. Ya ce shugaba ba don a so shi yake aiki ba.

Labari ya zagaya rukunin kafin in gama raba takardu. Za a kori Nev. Za a sa Nev a keji. Ranar Asabar kowa ya fito a ceci Nev.

Ba mu taɓa yin taron shekara da ya cika haka ba. Yawanci sai na bi gida-gida ina roƙo kafin a samu adadin da doka ta ce. Ranar nan da hantsi rumfa ta cika har waje, wasu sun zo da kujerunsu. Har Dulce, wadda ta daina zuwa rumfa tun da kunnenta ya yi nauyi kuma ba ta riƙe irin wayarmu, ta zo tana dogara sanda, da hular zuwa coci a kanta. Muzza ya ba ta kujerarsa.

Muka wuce batun inshora da na fentin shinge ba wanda ya ce ƙala. Da aka zo ƙudirin, Neville ya miƙe ya karanta shi da murya irin ta sanarwar tashar jirgi. Bai rufe baki ba hayaniya ta tashi.

"A bar Nev!"

"Me Nev ya yi maka?"

"Nev ya fi wasunmu amfani a rukunin nan!"

Kowace kalma ina ganin tana sauka a fuskarsa. Sunan da yake mafarki ne ake ta kira da ƙauna, daga kowane ɓangare, a gabansa, kuma ba nasa ba ne. Ya riƙe takardar da hannu biyu.

Sai Dulce ta buga sandarta a ƙasa. Ta miƙe da ƙyar, Muzza yana tallafe da gwiwar hannunta.

"Wane mara kunyar ne ya kawo maganar a kori Nev?"

Neville ya ce mata, "Ni ne, Misis Hanrahan."

Ba ta ji shi ba. "Wai a kai shi daji! Da girmansa! Ranar da ruwa ya zo, ina kuke? Kai Muzza ba ka ma zo ba tukuna, kana can kana tuƙa mutane cikin rami. Nev ne ya ɗauko yashi a bayansa har ya karye. Da mijina ya rasu, wa ya zauna ya cike mini takardun asibiti? Wa yake fitar mini da shara, ya dawo da kwandon, bai taɓa faɗa wa kowa ba? Eh, yana da iyayi. Safarsa ma abin tausayi ce. Amma wanda zai kore shi sai ya fara ta kaina."

Muzza ya sunkuya ya yi mata magana a kunne da ƙarfi. "Dulce, budurwata, tsuntsun ake nufi."

"Wane tsuntsu?"

"Talotalon bayan tafki. Shi ne Nev."

"Wannan ƙazamin da ya tone mini furanni?" Ta dube mu kamar mun haukace. "Ku kai shi duk inda kuka ga dama. Ni da na ji kuna ta Nev, Nev, sai na ce madalla, yaran nan sun yi hankali, sun daina kiran bawan Allah kamar alƙali."

Dariyar da aka yi har karnukan layin baya sai da suka amsa. Neville bai yi ba. Yana tsaye yana kallon Dulce, kunnuwansa jajur, na san yana tuna hirar da ya ji a bayan shinge, yana raba ta gida biyu, yana ware rabon tsuntsu da nasa.

Ni kuwa aikina ya tsaya, don ban san abin da zan rubuta ba. Na ɗaga biro.

"Shugaba, ina neman bayani. An ce a bar Nev, an ce a kori Nev, an ce Nev ya ɗauki yashi. Wane Nev zan sa a ina?"

"Ai da sauƙi, Kav," in ji Muzza. "Na bayan tafki shi ne Nev Babba. Wannan dogon kuma Nev Ƙarami."

"Ƙarami?" Neville ya juyo. "Ni ne ƙarami? Na riga shi zuwa rukunin nan da shekaru!"

"Shi kuma ya riga ka samun suna, mutumina. Layi ake bi."

"Tsawonsa bai kai gwiwata ba!"

"Zauna, Ƙarami, kana ɓata mana lokaci," wani ya faɗa daga baya. "Nama yana jira."

"Ƙarami, cire safar nan, kana ba mu kunya!"

Tun da ya zo rukunin ba a taɓa yi masa tsawa a taro ba. Ya tsaya yana jujjuya kai, duk inda aka jefo zagi ya waiwaya, kamar mai tsoron kada ɗaya ya wuce shi. Can ya gyara takardunsa ya yi gyaran murya, ya ce bisa ga dukkan alamu akwai ƙwai a cikin tulin, ba a kuwa taɓa tuli mai ƙwai, saboda haka ya janye ƙudirin bisa wannan dalili kaɗai. Ya maimaita, wannan dalili kaɗai. Aka sake zaɓensa shugaba ba hamayya. Muzza ya zaro gwangwani daga ƙanƙara ya cilla masa, Neville ya kuskure, gwangwanin ya faɗi ya fashe a kan takalminsa mai sheƙi, aka sake yi masa ihu.

Kada a ɗauka ƙyashin ya wuce. Sunan ya samu, amma da wutsiya, kuma wutsiyar tana masa ciwo. In aka ce Nev kawai, kowa ya san tsuntsu ake nufi, shi ma ya sani, sai ka ga wuyansa ya motsa ya kuma tsaya. Ya taɓa tambayata ko a takardun ƙungiya zan iya sa Nev T. maimakon ɗayan, na ce abin da taro ya faɗa shi na rubuta.

Bayan Kirsimeti 'yan tsakin suka fito suka bazu, talotalon ya bar tulin ya ɓace. Neville ya jira har Fabrairu, sannan ya kawo maganar a rumfa, wai tun da Babba ya tafi, ai sai a sauƙaƙa.

"Hutu ya tafi," in ji Muzza. "Ba a naɗa wani a kujerar wanda yake hutu. Kai da ka san doka."

A hanyar gida na ji Loz tana ce masa, "Ka yi addu'a ya dawo ma. In babu Babba, wa zai tuna da Ƙarami? Sai ka wayi gari Neville."

Ya yi tsaki ya wuce gaba. Amma da lokacin sayen kayan gyaran lambu ya zo, kwamiti ya ba da shawarar a zuba tsakuwa a bayan tafki don kada a sake tonewa, shi ya hana. Ya ce tsakuwa tana riƙe zafi, tana kashe saiwa. Ya sa aka kawo ɓawon itace mai laushi, ya fi na bara yawa, shi da kansa ya tura baro ya juye mafi yawansa a inuwar nan, yana yi yana gunaguni.

A watan Agusta, wata safiyar Asabar, aka ji ihun Muzza daga bakin tafki. Mutane suka fito da rigunan barci da wayoyi a hannu. Ga shi nan, baƙi wuluk, da jan kansa, ya juya baya yana watso ɓawon kamar jiya ya bari. Neville yana tsaye kusa da shi da manjagara, a cikin zanzaro.

"Ni na kawo masa kayan ginin," ya ce mini ƙasa-ƙasa. "Ko kallona bai yi ba."

"Ƙarami!" Muzza ya kira. "Matsa gefe, kana tare mana shi!"

"Na ji," in ji Neville, tun kafin Muzza ya rufe baki. Ya matsa gefe da fuska a murtuke, ya tsaya yana kallon yadda ake ɗaukar hoton tsuntsun.